Tambaya da Amsa: Furosesa ta Farko da Kwamfutocin da Aka Haɗa a Gareji

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu guda suka taru: yadda kwamfuta ta baro manyan ɗakunan kamfanoni da jami'o'i ta hau teburin mutum a gidansa, tsakanin 1971 da 1977. Ga waɗanda muka zaɓa, za mu fara da furosesa, wato ɗan guntun da ke karanta umarni yana aiwatarwa a cikin kwamfuta.

Tambaya: Assalamu alaikum. Malaminmu ya ce kamfanin Intel ne ya ƙirƙiro furosesa ta farko a duniya, amma na ji wasu na cewa Japanawa ne. Wanne ne gaskiya? Daga wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kowanne ya riƙo gefe guda na labarin. A 1969 wani kamfanin kalkuleta na Japan mai suna Busicom ya kai wa Intel kwangila, yana son a ƙera masa aisi goma sha biyu, wato ƙananan guntayen silikon masu ɗauke da da'irar lantarki, kowanne da nasa aikin, don wata kalkuleta mai buga lissafi a takarda. A lokacin Intel shekararsa ɗaya da kafuwa, sana'arsa memori, kuma ba shi da injiniyoyin da za su zana aisi goma sha biyu. Sai Ted Hoff, injiniyan Intel, ya kawo shawarar a rage su zuwa huɗu: ɗaya ya riƙe furogiram, ɗaya ya riƙe lambobin da ake aiki da su, ɗaya ya ƙara yawan layukan fita, na huɗun kuma ya zama mai karanta umarni yana aiwatarwa, wato furosesa. Su ne 4001 da 4002 da 4003 da 4004. Stan Mazor ya taya Hoff tsara umarnin, Masatoshi Shima ya zo daga Busicom ya yi aiki a kan tsarin, amma wanda ya mayar da zanen takarda ya zama silikon mai aiki shi ne Federico Faggin, ɗan ƙasar Italiya, wanda ya shigo Intel a Afrilun 1970 da dabarar ƙera taransista da ya inganta tun yana kamfanin Fairchild.

Ita 4004 taransista 2,300 ne a cikinta, ƙafafunta 16, tana aiki da bit huɗu a lokaci guda (bit shi ne sifiri ko ɗaya), agogonta, wato bugun wutar da ke tsara takunta, yana bugu 740,000 a daƙiƙa. Kowane umarni mai sauƙi yana cin bugu takwas, ka ga kenan umarni kusan 92,000 a daƙiƙa. Bit huɗu ba ƙaranci ba ne a wajen kalkuleta, domin sun isa riƙe lamba ɗaya daga 0 zuwa 9.

Da farko Busicom kaɗai ke da haƙƙin amfani da ita. Da kasuwar kalkuleta ta matse shi ya nemi ragi, faɗuwa ta zo daidai da zama: Intel ya mayar masa da dala 60,000, ya karɓi 'yancin sayar wa kowa don aikin da ba na kalkuleta ba. Ranar 15 ga Nuwamban 1971 tallarta ta fito a jaridar Electronic News.

Idan a jarrabawa ne, ka rubuta cewa 4004 ce furosesa ta farko mai aisi guda da aka fitar kasuwa. Wannan ƙaidin yana da amfani, domin kamfanin Texas Instruments ya ƙera TMX 1795 a wannan shekarar amma bai sayar ba, kuma tun 1970 akwai wani rukunin aisi da aka yi wa jirgin yaƙin Amurka F-14, wanda aka ɓoye labarinsa har 1998.

Tambaya: Tunda furosesa ta fito a 1971, me ya hana mutane haɗa kwamfuta a gida nan take, sai da aka shekara uku ko huɗu? Daga wani mai gyaran rediyo.

Amsa: Malam, kai da ke riƙe da ƙarfen liƙi za ka fi kowa fahimtar wannan. Furosesa ita kaɗai ba ta yin komai. Tana buƙatar agogo, da wuta daidai gwargwado, da memori, da hanyar shigar da bayani da fitar da shi, kuma a wancan zamani waɗannan ne ke cin kuɗi da wahala.

Dubi furosesar Intel ta 8008, wadda ta fito a Afrilun 1972 a kan dala 120. Asalin tsarinta na wani kamfani ne a jihar Teksas, CTC, mai na'urar Datapoint 2200. Bit takwas take ɗauka, tana iya kiran memori har bayit 16,384 (bayit ɗaya bit takwas ne), wato tana buƙatar layin adireshi 14, masu faɗin lambar gidan da ake nema a memori, da layin bayani 8. Amma ƙafafu 18 kacal aka ba ta. To yaya za a yi? Sai aka sa komai ya bi ta ƙafafu takwas bi da bi: da farko rabin adireshi na ƙasa ya fito, sannan ragowar bit shida na sama tare da bit biyu masu faɗin irin aikin, sannan bayanin kansa. Mai haɗawa dole ya jera ƙananan aisi a waje su cafke kowane kashi a daidai lokacinsa su riƙe. Idan ɗaya ya makara kaɗan, adireshin ya gurɓace, na'urar ta tafi wani wuri daban a memori. Ga kuma wuta iri biyu, bolt 5 da bolt 9 negatif.

Duk da haka an yi. A Faransa kamfanin R2E ya fitar da Micral N a 1973. A Amurka mujallar Radio-Electronics ta Yulin 1974 ta buga Mark-8 ta Jonathan Titus: ka aika dala 5 a turo maka littafin bayani, ka sayi bod shida babu komai a kansu, sannan ka shiga farautar kowane aisi da kanka. Da yawa sun sayi littafin, kaɗan ne suka kai ga kunna na'urar.

Sauƙi ya zo da furosesar Intel ta 8080 a Afrilun 1974. Ƙafafu 40, layukan adireshi 16 nasu daban, na bayani 8 nasu daban, memori har bayit 65,536, agogo mai bugu miliyan 2 a daƙiƙa. Ita ma da nata fitinar: wuta kala uku take ci, bolt 5 da bolt 12 da bolt 5 negatif, kuma agogonta layi biyu ne da ba a yarda bugunsu ya haɗu ba. Farashin guda ɗaya dala 360.

Tambaya: Na ga hoton Altair 8800, babu kibod babu sikirin, sai makunnai da jajayen fitilu. Don Allah ta yaya ake ba ta aiki? Daga wata malamar lissafi.

Amsa: Da yatsa, Malama, bayit ɗaya bayan ɗaya.

Altair ta fito a bangon mujallar Popular Electronics ta Janairun 1975. Kamfanin MITS na Ed Roberts ne ya yi ta a garin Albuquerque, bayan kasuwar kalkuleta ta durƙusar da shi. An sa mata dala 397 idan za ka haɗa da kanka, daga baya ta koma 439. Mutane sun yi mamakin yadda cikakkiyar na'ura ta zo kusa da kuɗin furosesarta, sirrin kuwa shi ne Roberts ya sayi 8080 a sari a kan dala 75 kowacce. Af, wadda ke jikin hoton bangon ma fanko ce: ta gasken ta ɓace a hanya lokacin da aka aika wa mujallar, sai aka ɗauki hoton akwati mai fitilu. Memorin da take zuwa da shi bayit 256 ne.

A fuskarta akwai makunnai 16 a jere na adireshi, takwas na dama daga cikinsu su ne kuma na bayani. Sama ɗaya ne, ƙasa sifiri. An raba su uku-uku, shi ya sa masu Altair ke rubuta lambobinsu da ƙirgen takwas, inda kowace lamba daga 0 zuwa 7 ke wakiltar makunnai uku.

A ce kina son haɗa 5 da 3. Furogiram ɗin bayit goma ne. 076 005 na nufin a ɗora 5 a ma'ajiyar lissafi ta furosesa. 306 003 na nufin a ƙara 3. 062 040 000 na nufin a ajiye sakamako a adireshi 040. 303 000 000 kuma a koma farko. Bayan kin kunna na'ura, ki ɗaga STOP ki riƙe, ki ɗaga RESET, ki sake su. Ki sauke duk makunnai ƙasa ki ɗaga EXAMINE, kin tsaya a adireshi sifiri kenan. Ki jera 076, wato 00 111 110, ki ɗaga DEPOSIT. Ki jera 005 ki danna DEPOSIT NEXT, wanda ke matsawa gaba da adireshi ɗaya kafin ya ajiye. Haka za ki yi har na goma. Sai RESET, sai RUN, sai STOP. Ki jera 040 ki ɗaga EXAMINE: fitilun bayani za su nuna 00 001 000, wato takwas.

Wurare uku ake yawan tuntuɓe. Na farko, a danna DEPOSIT NEXT a bayit na farko, sai komai ya goce da gida ɗaya. Na biyu, juya adireshi: 8080 rabin ƙasa take fara karɓa, shi ya sa muka rubuta 040 000. Wannan ɗabi'a gado ce daga Datapoint 2200, wadda ke lissafi bit ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa, kuma har yau furosesoshin Intel a kanta suke. Na uku, a rufe furogiram da umarnin tsayawa, 166. Da zarar furosesa ta tsaya ta wannan hanya, makunnan fuska ba sa ƙara amsawa sai an sake haɗa STOP da RESET, shi ya sa ya fi sauƙi a bar ta tana zagaye.

Kuma da an kashe wuta komai ya tafi. Gobe a sake daga farko.

Tambaya: Na karanta cewa masu Altair sun yi ta kuka da katin memori, kuma wai rigimar satar manhaja daga nan ta samo asali. Mene ne haɗin biyun? Daga wani mai rubuta manhaja.

Amsa: Haɗin kuɗi ne. Amma bari mu fara da katin.

Wanda ya sayi Altair, tsugune ba ta ƙare masa ba, domin bayit 256 ba sa ɗaukar wani abin kirki. Ana ƙara kati ne a soket mai ƙafa 100, tsarin da daga baya aka sa wa suna S-100, kuma kowane soket sai an liƙe ƙafafunsa ɗari da dalma da hannu. Wutar da ke bin layin ba tatacciya ba ce: kusan bolt 8 ne, kowane kati da nasa regileta 7805 da ke sauke ta zuwa 5. Shi kuwa 7805 yana son aƙalla bolt 7 a bakinsa. Idan katuna suka yi yawa taransifoma ta gaza, wutar ta sauka, sai memori ya fara mantuwa ba tare da wata alama ba. Ƙafafun wuta kuma suna maƙwabtaka da juna a bakin soket, don haka cusa kati a karkace ko cire shi da wuta a kunne na iya ƙona aisi da dama a lokaci guda.

Memori iri biyu ne. Akwai mai riƙe abin da aka ba shi muddin da wuta, irin aisi 2102 mai bit 1,024. Takwas ke ba da kilobayit ɗaya, 32 ke ba da huɗu, ga cin wuta ga zafi, amma ba ya ba da matsala. Akwai kuma mai araha wanda kowane bit ɗan caji ne a cikin ƙaramar kafasita. Shi kamar bokiti mai yoyo yake: dole a zagaya kowane layi a sake cika shi cikin kowace milidaƙiƙa 2, in ba haka ba ɗaya ya koma sifiri. 8080 ba ta yin wannan zagayen da kanta, sai katin ya saci lokaci tsakanin ayyukanta ya yi. MITS ta zaɓi mai arahar don katinta na kilobayit 4, lissafin lokacin bai zauna daidai ba, katuna da yawa suka ƙi aiki. Wannan ne ya buɗe wa Bob Marsh kasuwa, ya kafa Processor Technology yana sayar da katin kilobayit 4 na nau'in farko.

Yanzu ga manhaja. Bill Gates da Paul Allen sun rubuta BASIC na Altair, wato manhajar da ke ba da damar rubuta furogiram da kalmomi maimakon lambobi, ba tare da sun taɓa ganin na'urar ba. Allen ya sa babbar kwamfutar PDP-10 ta jami'ar Harvard ta kwaikwayi 8080, Monte Davidoff ya rubuta sashen lissafin lambobi masu ɗigo, kuma a Maris na 1975 Allen ya kai shi Albuquerque a kan zaren takarda mai huji-huji. Kafin a loda shi sai an jera ɗan furogiram na bayit ashirin zuwa talatin da makunnai, sannan na'urar Teletype ta karanta zaren, harafi goma a daƙiƙa, kusan minti bakwai don kilobayit 4.

MITS ta sa wa BASIC farashi biyu: mai rahusa ga wanda ya sayi katunan memorinta, mai tsada ƙwarai ga wanda bai saya ba. Mutumin da ya biya kuɗi ya yi watanni yana jira, ko aka turo masa katin da ba ya aiki, sai ya ga ba laifi ya kwafi zaren abokinsa. A ƙungiyar Homebrew Computer Club, wadda ta fara zama ranar 5 ga Maris 1975 a garejin Gordon French a Menlo Park ta jihar Kalifoniya, kwafe-kwafen suka yi ta yawo hannu zuwa hannu. A Fabrairun 1976 Gates ya fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa yana cewa waɗanda suka biya ba su kai ɗaya cikin goma ba, kuma ladan wahalarsu bai kai dala 2 a awa ba. A ganinmu yana da gaskiya a kan haƙƙinsa, sai dai tsarin farashin ne ya tura mutane. Martanin da ya fi amfani ga tsadar BASIC shi ne na Dennis Allison da abokansa, waɗanda tun a 1975 suka wallafa tsarin Tiny BASIC kowa ya rubuta nasa kyauta, har mujallar Dr. Dobb's Journal ta samo asali daga nan.

Tambaya: Ta yaya furosesar 6502 ta zo a dala 25 alhali sauran suna sama da dala ɗari? Ba rage inganci aka yi ba? Daga wani ɗan kasuwar kayan lantarki.

Amsa: Alhaji, rage girma aka yi. Ana ƙera aisi da yawa ne a kan faifan silikon guda, kuma kuɗin sarrafa faifan ɗaya ne ko guda nawa ya fitar. Kowane ɗigon datti ko tabo yana kashe aisin da ya faɗa a kansa. Idan aisin ƙarami ne, riba biyu ce: faifan ya ɗauki da yawa, kuma kason da tabo ke kashewa ya ragu.

Chuck Peddle da Bill Mensch da wasu abokan aikinsu sun bar Motorola a 1974, bayan sun yi aiki a kan furosesarta 6800, suka koma ƙaramin kamfanin MOS Technology a jihar Pennsylvania. Suka zubar da duk abin da za a iya rayuwa babu shi. Taransista kusan 3,500 suka rage, da ma'ajiyar lissafi guda, da 'yan ƙanana biyu X da Y. Don cike giɓin, suka sa bayit 256 na farkon memori su zama masu saurin kira da gajeren umarni. Wuta bolt 5 kawai take ci, da'irar agogonta kuma tana ciki. Ƙari a kan haka, MOS na da dabarar gyara kurakuran fim ɗin da ake buga zanen aisi da shi kafin a shiga ƙira, abin da ya ƙara yawan masu fitowa lafiya.

A bajekolin WESCON na Satumban 1975 a San Francisco an hana sayar da kaya a zauren, sai suka kama ɗaki a otal suka zuba furosesoshin a kwalabe suna sayarwa: 6502 dala 25, 'yar'uwarta 6501 dala 20. Motorola ta sauke 6800 daga dala 175 zuwa 69, ta kuma kai ƙara kotu, domin 6501 tana shiga soket ɗin 6800 daidai. Aka sasanta a 1976, aka janye 6501. Kuɗin shari'a ya raunana MOS, Commodore ta saye shi a wannan shekarar.

Aibi kam akwai. Na farko-farkon ba su da umarnin ROR, mai juya bit zuwa dama, mai aiki sai a 1976. Akwai kuma wanda ya daɗe: idan aka ce ta yi tsalle zuwa adireshin da ke ajiye a gidan da ya ƙare da FF a ƙirgen goma sha shida, wato gida na ƙarshe a kowane rukunin gida 256, misali 10FF, sai ta ɗauko rabi na biyu daga 1000 maimakon 1100. Masu rubuta furogiram suka koyi kauce wa wannan gida, har sabon samfurinta, 65C02, ya zo ya gyara. Wannan bai hana ta shiga kwamfutocin KIM-1 da Apple II da Commodore PET da BBC Micro ba.

Tambaya: Da gaske ne a kaset ɗin waƙa ake ajiye furogiram? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Da gaske ne, 'yar'uwa, domin rikoda na kusan kowane gida, na'urar faifai kuwa ta fi kwamfutar tsada. Ana mayar da sifiri da ɗaya su zama sauti biyu. A Nuwamban 1975 mujallar Byte ta tara masu ƙera na'urori a Kansas City suka amince da ƙa'ida guda: sifiri shi ne kaɗawa huɗu na sauti mai kaɗawa 1,200 a daƙiƙa, ɗaya kuma kaɗawa takwas na mai 2,400. Ki lissafa za ki ga tsawonsu ɗaya, kashi ɗaya cikin 300 na daƙiƙa. Kowane bayit ana sa masa bit ɗaya a gaba na sanarwa da biyu a baya na rufewa, ya zama 11. Kenan bayit 27 a daƙiƙa, kilobayit 8 kuma minti biyar cif.

Abin da ke ɓata lodi sananne ne. Ƙarar rikoda idan ta yi ƙasa kwamfuta ba ta ji, idan ta yi sama sautin ya murguɗe, shi ya sa ake sa wa maɓallin ƙara alama da zarar an dace. Idan kan rikodar da ta ɗauka da na wadda ke karantawa ba su daidaita ba, sautin 2,400 ne ke fara dusashewa, maganinsa ɗan sukurun da ke gefen kan, a juya shi a hankali har sautin ya fi kaifi. Batir mai rauni yana rage gudun zare. Dogon kaset irin C-120 zarensa siriri ne, yana miƙewa. Sannan farkon kowane kaset roba ce zalla da ba ta ɗaukar sauti, wanda ya fara ɗauka a kanta ya yi asarar kan furogiram ɗinsa. Masu hankali sau biyu suke ajiye komai.

Ƙa'idar ba ta yi tasiri sosai ba saboda jinkirinta, kusan kowane kamfani ya ƙirƙiro tasa mai sauri. Faifai ne ya kashe maganar: mai inci 8 yana ɗaukar layi 77, kowanne yanki 26, kowane yanki bayit 128, jimla 256,256, kuma manhajar CP/M ta Gary Kildall ta sa ana kiran fayil da sunansa.

Tambaya: Ba Apple ce kwamfutar gida ta farko ba? Daga wani mai karatu.

Amsa: A'a, Malam. Apple I ta 1976 ce, bayan Micral da Mark-8 da Altair da IMSAI 8080. Abin da Steve Wozniak ya yi na daban shi ne ya haɗa 6502 da kilobayit 4 da hanyar kibod da ta talabijin a bod guda, ya sa ɗan furogiram na bayit 256 a ROM, memorin da ba ya gogewa idan an kashe wuta, wanda ke tashi da an kunna, aka huta da makunnai. Dala 666.66 ce, kusan 200 aka yi, kuma mai saye shi zai nemo akwati da kibod da taransifoma. Na'urar da za a ciro daga kwali a kunna sai a 1977, da Apple II da Commodore PET da TRS-80 suka fito.

Tambaya: Ina son in taɓa irin wannan aiki da hannuna. Daga ina zan fara ba tare da na kashe kuɗi da yawa ba? Daga wani matashi mai koyon lantarki.

Amsa: Fara da furosesar Z80, kuma kada ka sayi memori tukuna. Faggin ne ya yi ta tare da Shima bayan ya kafa Zilog, ta fito a Yulin 1976. Tana gudanar da furogiram ɗin 8080, bolt 5 kawai take so, agogonta layi ɗaya, kuma tana yin zagayen cika memori da kanta, wato ta warke ciwon da ya addabi masu Altair. Gwajin farko shi ne ka yaudare ta ta riƙa karanta umarnin "kada ki yi komai", wanda lambarsa sifiri ce, ka ga tana ƙirga adireshi.

Ka nemi nau'in CMOS, mai lamba Z84C00, domin shi ne ke jure agogo mai tafiyar hawainiya, tsohon nau'in NMOS ba a ba da tabbacinsa a wannan gudun ba. Ƙafa ta 11 bolt 5, ta 29 giraun, wato bolt sifiri, da kafasita mai nanofarad 100 tsakaninsu dab da aisin. Ƙafafun bayani takwas, wato 7 da 8 da 9 da 10 da 12 da 13 da 14 da 15, kowacce ta sauka giraun ta rezista mai om 1,000. Ƙafafu 16 da 17 da 24 da 25 da 26 kowacce ta hau bolt 5 ta rezista mai om 10,000, sannan ka sa maɓalli daga ta 26 zuwa giraun, shi ne na sake farawa. Agogo yana shiga ta ƙafa ta 6: aisi 555 da rezista 10,000 da 68,000 da kafasita mai maikurofarad 1 zai ba ka bugu kusan goma a daƙiƙa. Ƙafafu 30 zuwa 37 su ne layukan adireshi takwas na ƙasa, kowacce ka ba ta fitilar LED da rezista 1,000.

Kunna wuta, danna maɓallin ka riƙe kamar daƙiƙa ɗaya, domin tana buƙatar aƙalla bugu uku yana danne. Da ka saki, fitilun za su fara ƙirge da sifiri da ɗaya. Kowane umarni bugu huɗu ne, don haka sau biyu da rabi za su canza a daƙiƙa. Fitila ta takwas za ta kama bayan kusan daƙiƙa 50, kuma za ka ga tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya. Ba lalacewa ba ce: a rabin ƙarshe na kowane umarni Z80 tana ɗora adireshin cika memori a kan layukan, shi kuwa bit bakwai kawai yake ƙirgawa.

Idan fitilun suka ƙi motsi, fara auna ƙafa ta 24 da ta 25, domin idan ɗaya ta sauka ƙasa furosesa jira kawai za ta yi. Idan suna tsalle ba tsari, wata ƙafar bayani ba ta taɓa giraun ba, tana karanto wani umarni daban. Idan tana yi tana tsayawa, duba agogo: 555 na gargajiya ba ya kai fitarsa kusa da bolt 5, Z80 kuwa tana son bugun ya haura bolt 4.4, don haka ka sa nau'in 7555 ko ka ja ƙafa ta 6 ta Z80 sama da rezista mai om 330. Idan kuma aisin ya ɗau ɗumi a wannan gudun, mai yiwuwa tsohon NMOS ne aka goge aka sake wa lamba. Zilog ta sanar da daina ƙera Z80 a 2024, don haka ka sayi biyu ko uku daga wurare daban-daban ka gwada kowacce a wannan da'irar kafin ka ɗora mata ROM da RAM, wato memorin aiki.